Jan Ƙyalle a Rijiyar Gawo Uku

Dogon Dutsi, 20 ga Janairu 1963

Zuwa ga taubashiyata Zalihatu, a asibitin Damagaram.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai uwargida Mariama da ta yi kwana uku da ciwon haƙori. An cire shi, yanzu ta koma yi mini faɗa da giɓi. Gwaggo Ajuma tana gaishe ki, ta ce tun da kika zama ungozomar gwamnati kin manta hanyar ƙasarmu Arewa.

Bayan haka, saƙonki ya iso cewa in nema wa wanki Jatau abin yi. Kin makara, baiwata. Tun watan jiya yana wurina. Kakarki da kakana ciki ɗaya suka fito, ba sai an roƙe ni a kan Jatau ba.

Bari in ba ki labari tun daga tushe, don ki san da wanda kike magana yanzu. Gwamnati ta ba ni kwantiragin gyaran rijiyoyi arba'in da ɗaya, daga Gesheme har arewacin Dogon Kiriya. Tsofaffin rijiyoyin siminti ne na zamanin Faransawa, sun tsattsage, yashi yana zuba, mutane sun bar shan su. Ana so a liƙe su kafin damina. Ni Gado, da na bar kolej a aji na biyu ranar da ubana ya rasu, na yi shekara tara ina riƙe wa Bature littafin sunayen leburori a shantiyen Tawa, wato wurin aikin kamfani, yau ni ke sa hannu a gaban kumandan mai mulkin yankin nan. Ba wanda ya ɗora ni.

Mutum goma sha biyu gare ni. In na bi yadda iyayenmu ke yi, kowace rijiya sai ta ci uku: ɗaya a ƙasa, ɗaya a igiya, ɗaya zaune a baki yana ta kiran suna kamar maroƙi. Rijiya huɗu ke nan a lokaci guda, damina biyu ma ba za ta ishe ni ba. To ni na yi tunani. Lokacin da kamfanin Tawa zai tashi na karɓi tsanukansu na waya masu matakan ƙarfe. A rataya tsani a gungumen bakin rijiya, mutum ya fara zura bokitin simintinsa, ya bi shi, ya yi aikinsa, ya hau. Ba ya bukatar kowa. Direbana Tukur yana sauke kowa a rijiyarsa da guzurin mako, ran Alhamis mu zagaya mu kwashe su. Rijiya goma sha biyu a lokaci guda. Injiniyan Dosso da kansa ya ce bai taɓa ganin irin wannan tsari ba.

Kada ki ce ban kula da lafiyarsu ba. Kowa na ba shi tuta, irin yadda ake yi a shantiye. In zai sauka ya kafa ta a bakin rijiya, in ya fito ya cire. Duk mai wucewa ya san akwai mutum a ƙasa. Ranar da na je sayen yadin a kasuwa, mai kantin ya dube ni ya ce, «Gado, wace ce ta kama ka haka?» Na ce masa gwamnati ce ta kama ni. Muka yi dariya.

Jatau yana gunaguni, kin san halinsa, amma duk cikinsu ba mai hannunsa. Inda ya liƙe ko allura ba ta shiga. Ya gaji mahaifinku, Baba Manu.

Ki gaida maigidan. In kin samu mai zuwa, a aiko wa Mariama turaren wuta irin na wancan karon.

Ubangidanki,
Gado Idi, ɗan kwantiragi

*

Damagaram, 17 ga Fabrairu 1963

Zuwa ga Mushe Gado, in ji masu Faransanci.

Na samu takardarka, na ji daɗin lafiyarku. Yaya azumi? Mu nan ƙaramar ta yi ƙyanda amma ta tashi, har ta fara ɓarna. Ka ce wa Mariama ta riƙa kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Ka ce wa Gwaggo ban manta hanya ba, hanyar ce ta yi tsawo.

Wai ubangidana. Ni dai na san bawan da na goya wa gorar ruwa zuwa gona yana kukan ƙaya. Kuma maganar mai kanti ban yarda da ita ba. Namiji ba ya sayen yadi da yawa haka don gwamnati. Ka faɗi sunanta tun kafin Mariama ta ji a bakin mata.

Na gode da ka ɗauki Yaya Jatau. Allah ya saka. Amma akwai inda na karanta a takardarka sau uku, kuma tun ranar in ina wanke hannu a ɗakin haihuwa sai in tsinci kaina a tsaye, ruwa yana zuba.

Wanda ka kira maroƙi, Baba «mai baki» yake ce masa. Ina ƙarama ni ke kai musu fura wurin aiki. Kawu Ɗanbaba ne mai bakin Baba shekara goma sha tara. Ba ya taɓa igiya, ba ya taɓa cebur. Yana zaune, jim kaɗan ya leƙa ya ce, «Manu.» Daga can ƙasa ka ji, «Na'am.» Shi ke nan, wuni guda. Har na taɓa tambayarsa ko ba ya gajiya, ya ce ranar da ya gaji zan zama marainiya. Wata rana a Ɗan Kassari ya kira ba a amsa ba. Bai kira na biyu ba, ya yi wa masu igiya tsawa suka ja. Baba ya fito a sume, iskar ƙasa ta buge shi. Ina tsaye da ƙwaryar fura a hannu. Bayan wannan Baba ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, ya aurar da ni.

Tutarka tana kiran suna? In ba a amsa ba, tana jan igiya? Kuma wa ya gaya wa mutanen daji abin da take nufi? Kai ka yi Tawa, su ba su yi ba.

Ban san aikin kwantiragi ba, ba kuma zan koya maka ba. Amma uwa ɗaya uba ɗaya Yaya Jatau kaɗai ya rage mini. In ba za ka iya ba kowa mai baki ba, ka ba shi shi. Ko tsoho ne, ko gurgu, in dai yana da murya.

Turaren yana hannun wani malamin makaranta da zai bi ta wajenku bayan salla.

Uwargijiyarka,
Zalihatu

*

Dogon Dutsi, 24 ga Maris 1963

Zalihatu,

Ina gaisuwa. Turare ya iso, Mariama ta gode. Kowa lafiya, Jatau ma lafiya, na fara da wannan don kada gabanki ya faɗi.

Mun yi rashi. Sallau, mutumin Matankari, mai ƴaƴa huɗu. Ba ki san shi ba. Tukur ya sauke shi ran Juma'a a wata rijiya yamma da Dogon Kiriya. Gungumen da ya rataya tsani ashe gara ta cinye cikinsa, ya karye, tsani da mutum suka tafi tare. Mita talatin da biyu. Ran Alhamis da hantsi muka iso muka same shi zaune a ruwa iya ƙugu, ya jingina da bango. Ƙashin cinyarsa ne ya karye. Likita ya ce da an fito da shi da wuri da ya rayu.

Abin da ya hana ni cin abinci shi ne wannan. Akwai tunga kusa, tafiyar da ba ta kai ta shan taba ba. Sun ji shi. Da bakinsu suka gaya wa jandarma cewa kwana uku ana kira daga cikin rijiyar, ran na huɗu aka yi shiru. Kwana uku, Zalihatu. Maza da gemu, mata da goyo, ba wanda ya leƙa. Na tambayi mai tungar dalili, ya sunkuyar da kai ya ce su ba sa shiga abin da ya fi ƙarfinsu. Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta ba.

Kin tambaya ko an sanar da su. An sanar. Kowane maigari na aika masa takarda da Faransanci, da hatimin biron kumandan, wato ofishinsa. Kuma tutar tana nan a kafe yadda na umarta, jan ƙyalle mai kamu biyu, ja wur, ana hango shi tun daga kan tudu. Kin san abin da na tarar a gindinta? Ƙwaryar nono, da dunƙulen fura, da jan zakara an ɗaure masa ƙafa. Mutum yana mutuwa a ƙasa, su suna ajiye abinci a sama. In ba izgili ba, mene ne wannan? Shekara uku da samun mulkin kai, ga inda muke.

Tsarina bai yi kuskure ba, gungume ne ya yi. Yanzu na sa an ƙera sandunan ƙarfe, kowa zai tafi da nasa ya gitta a baki, ba sauran dogara da itace. Tutocin kuma na ninka girmansu, na sa dogayen sanduna, don kada wani ya ce bai gani ba.

Maganar mai baki na ji. Saura rijiya goma sha tara, hadari kuma ba ya jiran kowa. In na ba Jatau, sauran za su ce don danginmu ne. Shi ma ya zo mini da maganar bayan jana'iza, na ce masa ubansa da igiyar kaba ya yi aiki, shi da ƙarfe yake yi. Yana gama na wajen Gesheme, ƙarshen Afrilu zan kai shi Gawo Uku, can arewa inda mota ke ƙarewa. Ita ce mafi zurfi, ba wanda zan ba sai shi.

Abu ɗaya, kada ki gaya wa kowa. Da muka zura igiya za mu fito da Sallau, na leƙa na kira sunansa. Na san ya rasu, ina ganinsa. Ban san abin da ya sa na kira ba.

Gado

*

Damagaram, 16 ga Afrilu 1963

Gado,

Muna lafiya. Allah ya jiƙan Sallau, ya raya abin da ya bari. Takardarka ta 24 ga Maris yau ta zo hannuna, jakar wasiƙu ta yi mako uku a Birnin Ƙonni mota ta lalace. Na karanta a tsaye, na bar mace a kan gwiwa na ruga gidan waya na buga maka telegaram. In ta riga wannan isa, to ka san abin da zan ce.

Ja, Gado? Tun Janairu kake ce mini tuta, tuta, ban taɓa kawo wa raina ja ba ce. Ni da wautata har ina tsokanarka da mace. Mai kanti ba mace yake nufi ba, kuma kai ka san haka.

A ƙasarmu wa ake kafa wa jan ƙyalle a bakin rijiyar da aka daina sha? Wa ake kai wa nono da jan zakara? Mutanen tungar nan ba izgili suka yi ba. Sun tashi da safe sun ga tsohuwar rijiya da jan ƙyalle, sun ji murya tana fitowa daga ciki, suka ce Doguwa ta sauka. Tun muna yara ake gaya mana tana kira da muryar mutum, wanda ya leƙa ya tafi ke nan. Sun kai mata abin da suke da shi don ta bar musu ƴaƴansu. Takardarka ta Faransanci tana cikin rufin ɗakin maigari, an soke ta a ciyawa, ba wanda ya karanta.

In wani ɗan Yamai ne ya yi wannan sai in ce bai sani ba. Kai ɗan Inna Baturiya ne. Ni na sha ganin jan zanenta da take ajiyewa a adudu, wanda ba ta ɗaurawa sai ranar wasan bori. Na tuna ranar da ka dawo hutu daga kolej da wando da takalmi, ana kiɗan garaya a gidanku, ka wuce ta bayan gida kamar ba ka san mu ba. Ban taɓa tuna maka ba sai yau.

Ba ina ce maka ka yarda da Doguwa ba. Ni ma allura nake yi wa mutane. Amma su sun yarda, kuma su ne kaɗai ke wucewa ta bakin rijiyoyinka. Ka kafa abin da zai kore su, ka kira shi tsaro. Yanzu kuma ka ninka girmansa, ga labarin rijiyar Sallau ya riga ya zagaya daji.

Ka cire ƙyallen nan yau. Kada Yaya Jatau ya sauka Gawo Uku sai da mutum a sama. Ban taɓa roƙonka komai ba da sunan kakanninmu. Yau na roƙa.

Zalihatu

*

Damagaram, 28 ga Afrilu 1963

Gado,

Muna lafiya. Kwana goma sha biyu ba amsa, ba telegaram, ba saƙon baki. Na tambayi direbobi uku da suka biyo ta Dutsi, ɗaya ya ce ya ji an fito da wani daga rijiya a arewa, bai san ko wane ne ba, bai san ko da rai ba. Wataƙila tsohon labarin Sallau ne. Na ce wa kaina haka.

In maganar Inna ce ta ɓata maka rai, ka yi fushi da ni shekara goma, amma ka rubuto layi ɗaya. Na nemi izinin tafiya, babban likita ya ce sai bayan Layya.

Zalihatu

*

Dogon Dutsi, 9 ga Mayu 1963

Zuwa ga Zalihatu.

Barka da salla. Jatau yana da rai. Yana gidana, a ɗakin da ke kusa da rumbu, yana cin tuwo, jiya har ya aske. Ki zauna ki karanta sauran a hankali.

Na jinkirta rubutu don na fara takardar nan sau huɗu ina yagawa. Duk wadda na rubuta sai in ga na fito da kaina da kyau.

Telegaram ɗinki ta zo ina Dosso, an kira ni bincike kan rasuwar Sallau. Kwana goma sha ɗaya na yi. An wanke ni, har injiniya ya yaba da sandunan ƙarfe. Mariama ta karɓi telegaram ta sa a cikin kwalla don kada yara su taɓa. Kafin in tafi na bar wa Tukur umarni, shi kuma ya bi: ran Litinin 22 ya sauke Jatau a Gawo Uku, ya zo Dosso ya jira ni da motar. Zagayen Alhamis bai yiwu ba. Ran Juma'a da la'asar na dawo ina taƙama, aka miƙo mini telegaram da takardarki tare.

Asabar da rana tsaka muka isa. Tun daga nesa na hango tutar, ni na sa aka yi mata dogon sanda. A gindinta ƙwarya huɗu a jere. Ban bukaci a gaya mini ba, kowace safiya ɗaya. Tsanin kuma yana waje, an naɗe shi tsaf, an ɗora masa dutse.

Ga yadda aka yi. Ran Talata wasu mutanen tunga da makiyaya suka biyo, suka ga ƙyalle, suka ji ana ƙwanƙwasa daga ƙasa. Sun ji labarin rijiyar da ta yi kira kwana uku. Suka ga tabarma da takalmi a gindin gawo, suka ce ta riga ta ci mutum ɗaya. Suka ga tsani, suka ce da shi za ta hau. Maza shida suka yi ƙarfin hali, suka kau da fuska, suka janye shi. Jatau yana tsaye a kan gefen siminti a ƙasa yana dama kwaɓi, ya ga tsaninsa yana tafiya sama.

Na kwanta a baki na kira shi. Shiru. Na sake kira. Mita arba'in da bakwai, ba a ganin komai sai ɗan haske kamar tsaba. Na ce, «Jatau, ni ne Gado.» Can na ji murya kamar ana goga ƙwarya da yashi: «Me ka zo roƙo?»

Daga baya na gane tambayar. Kwana huɗu mutane suna zuwa, suna tsayawa nesa kaɗan, suna roƙonsa. Wani ruwan sama, wata haihuwa, wani saniyarsa da ta ɓace. Yana ce musu shi mutum ne, Jatau ɗan Manu mai rijiya, su ce haka take faɗi kullum. Ya yi musu kalmar shahada, wani ya ce ai har da karatu ta iya. Ran na uku ya daina gardama.

Wata tsohuwa ce ta riƙe shi, Hure, mai tallar nono. Jikarta ba ta da lafiya. Ta ga ajiyewa a gindin tuta bai isa ba, gara ta kai wa mai wurin har hannu. Kowace safiya sai ta rufe fuska da mayafi, ta zura ƴar gora da nono a siririyar igiya. Ran farko ya kama igiyar, ta saki ta gudu. Daga nan ya koyi ya kwance gorar kawai ya bar igiyar ta koma. Ta tambaye shi ko yarinyar za ta tashi. Ya ce mini ya rasa abin da zai ce, sai ya ce za ta tashi.

Da muka fito da shi mutanen suna tsaye can nesa. Hure ce ta fara matsowa, ta taɓa hannunsa, ta dubi ƙafafunsa da suka kumbura suka yi fari. Ta ce, «Ashe ɗan mutum ne.» Ta zauna a ƙasa ta rufe kai. Na buɗe baki zan yi musu irin faɗan da na yi a tungar Sallau, mai tungar ya riga ni. Ya nuna tutar ya ce, «Alhaji, wa ya kafa wannan?» Ban je Makka ba, girmamawa ce kawai.

Kin ce na sani. Na sani. Ranar da mai kanti ya yi tambayarsa na gane sarai, zanen Inna ya faɗo mini a rai, na ture shi. Na ce a raina wannan zamanin ya wuce, ja a shantiye haɗari yake nufi, duniya duka ta san haka, Arewa ma ta koya. Ranar da na ga zakara a rijiyar Sallau ma na gane. Na rubuta miki izgili ne don in na rubuta gaskiya, to ni na kashe shi. Na dawo gida na ninka ƙyallen.

Na tattara tutocin goma sha biyu. Na so in ƙone su, Gwaggo Ajuma ta hana, ta ce ba a ƙona irin wannan, ta tafi da su ban tambaye ta ina ba. Na je Matankari wurin matar Sallau, Hasiya, na gaya mata abin da na gaya miki. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, «Kwana ukun nan, sunan wa yake kira?» Na ce ban sani ba. Na koma tungar na tambaya. Sun ce sunana.

Aiki ya tsaya. Na rubuta wa kumandan cewa rijiya tara ba za su samu ba bana, kuma daga yau uku uku za mu yi. Ya ce zai duba ko za a bar mini na baɗi. Injiniya bai gaishe ni ba a masallacin idi.

Maganar Inna ba ta ɓata mini rai ba. Ki zo in an ba ki izini.

Gado

*

Dogon Dutsi, 2 ga Yuni 1963

Taubashiya,

Da fatan kin isa lafiya, kin tarar da yara lafiya. Gidan ya yi shiru tun da kika tafi, Mariama ta rasa abokiyar zagina. Kumburin ƙafafun Jatau ya sace. Jikar Hure ta tashi, tsohuwar ta aiko masa da man shanu, har yanzu ba ta yarda ta haɗa ido da shi.

Na san kin ce kada ya ƙara sauka. Na gaya masa, ya ce shi bai bar aiki rabi ba tun da aka haife shi, kuma mutanen Gawo Uku ba za su sha rijiyar ba sai sun ga mutum ya shiga ya fito da idonsu. Ya kafa sharaɗi ɗaya. Ya ce mai bakinsa ba tsoho ba, ba gurgu ba, ni.

Ran Talata muka je. Mun fara zama da mutanen tunga a gindin gawo, na yi musu bayani da Hausa, Tukur ya maimaita da Fulatanci. Biyu daga cikin waɗanda suka janye tsanin su suka riƙe igiya. Ni kuma na cire takalmi na zauna a baki, da farar rigata, rana tana dukana. Kawu Ɗanbaba ya yi shekara goma sha tara, ni kafin azahar maƙogwarona ya bushe. Jim kaɗan in ce, «Jatau.» Ya ce, «Na'am.» Wani lokaci ya ce, «Na'am, Mushe,» don mutane su yi dariya. Kwana uku muka yi, ya gama, ya ɗebo ruwan farko ya sha a gabansu.

Saura abu ɗaya, ke kaɗai zan gaya wa. Ran na biyu da hantsi na kira, ya amsa. Bayan nasa, da ɗan jinkiri, na ji wata na'am ɗin, can ƙasa da shi. Na san rijiya mai zurfi tana maido da murya, an koya mana a kolej, har da zane a allo. Na tambayi masu igiya, sun ce ɗaya suka ji. Da Jatau ya fito ban tambaye shi ba, sai dai ya daɗe yana kallona.

Shekara shida Sallau yana amsa mini kiran suna kowace safiya a shantiyen Tawa. Na san muryarsa.

Gobe za mu fara ta Ɗan Kassari. Na ce wa Tukur ya sa mini tabarma da gorar ruwa a mota.

Bawanki,
Gado